Ɗari Ya Sauka: Masu Hawan Jini, Ku Je Awo Cikin Makon Nan

Jama'ar Sanyinna, jama'ar Tambuwal da Dogon Daji da Jabo, jama'ar Kebbe da Kuchi, ku tsaya ku saurara. Hunturu ya sauka. Hazo ya rufe gari. Leɓɓa sun tsattsage, dugadugai sun yi faso, yara na tari cikin dare. Muna haɗuwa a ƙofar masallaci, a ce, "Ina ɗari?" a amsa, "Ɗari lokacinai na." Gaskiya ne, lokacinsa ne. Amma ga mai hawan jini, Disamba da Janairu da Fabrairu watanni ne na haɗari. Da shi nake magana, da duk wanda ke kwana gida ɗaya da shi.

Kana da hawan jini? Kina da shi? Baba fa? Inna fa? Yaushe rabon da a ɗaura muku abin awo a dantse? Da bazara? Da damina? To wancan awon ya tsufa. Jinin da aka auna ana zufa daban yake da wanda ke bugawa a jikinka da asubahin yau.

Kada wani ya ce wannan zancen ƙasashen ƙanƙara ne. A Sakkwato aka bincika. Wani likita na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Simeon Isezuo, ya bi bayanan marasa lafiya 440 da aka kwantar saboda cututtukan da hawan jini ke jawowa, daga 1995 zuwa 2000. Ya fitar da sakamakon a 2003. Mafi yawansu gazawar zuciya ce ko shanyewar ɓarin jiki ta kai su gadon asibiti. Da ya jera su wata bayan wata, sai ya ga an fi kwantar da su da hunturu a kan bazara. Mutanenmu ne waɗannan. Iskar da ta same su ita ce ke kaɗa labulen ɗakinka yanzu. An fi shekara 20 da sanin haka. Mu nawa muka canja wani abu a gidajenmu?

Bari in faɗi yadda abin yake, don wanda ya san dalili ya fi riƙe magana. Duk mai noman rani a fadama ya san injin ban-ruwa da tiyo. Inji na turowa, tiyo na kai ruwa fangali. Ka matse bakin tiyon da babban yatsa, me za ka gani? Ruwa ya ƙara ƙarfi, tiyo ya cika ya yi tauri, injin ya canja murya. Idan sabon tiyo ne, zai jure. Idan ya sha rana ya bushe, sai ya tsage daidai inda ya fi rauni.

Zuciyarka ce injin. Jijiyoyin jini su ne tiyo. Da zarar ɗari ya taɓa fata, saƙo ya tafi ƙwaƙwalwa, ita kuma ta umarci ƙananan jijiyoyin fata da na hannu da na ƙafa su tsuke, don kada ɗumin jiki ya tsere. Shi ya sa yatsunka ke ƙandarewa. Hikimar Allah ce, da ita jiki ke kare kansa. Sai dai jinin bai ragu ba, hanyarsa ce ta ƙuntata. Dole ƙarfinsa ya hau, dole zuciya ta ƙara aiki.

Mai lafiya yana da abin da ke ceton sa. Jijiyoyinsa na da taushi, suna buɗewa su karɓi bugun. Akwai kuma wasu 'yan wurare a jijiyoyin wuya da na ƙirji masu jin ƙarfin jini. Idan ya hau, su ke sanar da ƙwaƙwalwa ta sassauta wa zuciya. Wanda ya daɗe da hawan jini fa? Jijiyoyinsa sun yi tauri. Waɗancan masu tsaron sun saba da hawan, har sun ɗauke shi daidai ne. Naman zuciyarsa ya yi kauri saboda shekarun turi, kuma kaurin nan na buƙatar jini mai yawa kafin ya ƙoshi. Jininsa daman a sama yake. Ɗari na zuwa ya ɗora masa kaya a kan kaya.

Likitoci sun daɗe da ganin wannan da idonsu. A 1932, wasu likitoci biyu a asibitin Mayo na Amurka, Hines da Brown, suka fito da wani gwaji. Mutum zai tsoma hannu ɗaya cikin ruwan ƙanƙara na minti ɗaya, ana auna jininsa a ɗaya hannun. Nan take jini ke hawa, kuma na masu hawan jini ya fi tashi. Hannu ɗaya kawai, minti ɗaya kawai. Na sani, ruwan butarka bai kai ƙanƙara ba. Amma kai hannu biyu kake wankewa, da fuska, da kai, da ƙafafu, a tsakar gida, iska na busa ka.

A ƙasar Sin an auna jinin manya fiye da 500,000 a yankuna 10, aka fitar da sakamako a 2012. Lambar sama ta awon jini ta fi hawa da kimanin maki 10 a lokacin sanyi a kan lokacin zafi. Duk saukar digiri 10 a ma'aunin zafi, lambar na ƙaruwa da kusan maki 6. Yanzu ka dubi garinmu. Da azahar a Janairu zafi kan wuce digiri 30. Da asuba yakan sauko zuwa 15, wata rana ƙasa da haka. Wannan tazarar a cikin yini ɗaya jikinka ke ratsa ta, kullum, har hunturu ya wuce. Idan ma'aikacin asibiti ya auna ka da rana tsaka ya ce 150, nawa kake tsammanin ka kai da kiran assalatu?

Ba a nan abin ya tsaya ba. Ka lura da ɗari kana yawan tashi fitsari? Jinin da ya gudu daga fata ya taru a cikin jiki, ƙoda ta ɗauka ruwa ya yi yawa, sai ta zubar. Ga shi ba ka jin ƙishirwa, ba ka sha. Ga busasshiyar iska na zuƙe ruwa daga numfashinka. Jini sai ya yi kauri. A 1984 wani masani a Landan, William Keatinge, da abokan aikinsa suka zaunar da matasa masu lafiya cikin sanyi marar tsanani na awa 6. Jininsu ya ƙara kauri, ƙwayoyin da ke sa shi daskarewa suka ƙaru, ƙarfinsa ya hau. Matasa ke nan, masu lafiya. Ina ga dattijo ɗan shekara 65? Jini mai kauri a cikin tsukakkiyar hanya, nan gudan jini ke samuwa. Ya toshe a ƙwaƙwalwa, ɓarin jiki ya shanye. Ya toshe a zuciya, mutum ya dafe ƙirji ya faɗi. Ko kuma jijiyar ta fashe don ƙarfin ya fi ƙarfinta.

Kuma ko babu ɗari, jinin ɗan Adam na hawa ne da ya farka daga barci. Bugun zuciya da shanyewar jiki sun fi aukuwa daga asuba zuwa hantsi, a ko'ina a duniya. Ka haɗa biyun nan, ka dubi abin da ke faruwa a gidajenmu kowace safiya.

Ga Baba a ɗakinsa, cikin bargo, jiki ya yi ɗumi. Ladan ya kira assalatu. Ya yaye bargo, ya miƙe zumbur. Ya fito da 'yar shara da zane, kai babu hula, ƙafa a silifa. Butarsa a gindin randa ta kwana, raɓa da iska sun gama da ita. Ya zaga makewayi. Ya dawo ya tsuguna bakin rariya, ya kwarara ruwan a hannu, ya watsa a fuska, ya ja numfashi da ƙarfi don sanyin ya ratsa shi. Ya ji an tayar da salla. Ya zura riga, ya fita da sauri-sauri don kada raka'a ta wuce shi, iska na dukan ƙirjinsa. Daga cikin bargo zuwa sahu bai fi minti 10 ba. Maganinsa kuwa ya ƙare tun ranar kasuwa, yana jiran ɗansa ya aiko da kuɗi. Wa ya hana shi? Wa ya ɗumama masa ruwa? 'Ya'yansa suna ina? Suna barci a ɗaki na gaba. Su ne gobe za su tsaya a zaure suna cewa, "Lafiya lau ya kwanta jiya."

Ban ce kowa ya bar jam'i ba, Allah ya kiyaye. Cewa na yi a shirya wa asuba. Ku ɗumama ruwan alwala. Ku dafa tun dare ku zuba a filas, ko Inna ta sa a ɗora kafin kiran salla. Ku shigo da buta ɗaki ta kwana. Idan ka farka, kada ka zabura. Zauna bakin gado minti biyu ko uku, ka motsa hannu da ƙafa. Sa rigar sanyi, da hula mai rufe kunne, da safa, tun kafin ka buɗe ƙofa. Naɗa rawani ko mayafi ya rufe baki da hanci, don iskar ta ɗan ɗumama kafin ta isa ƙirji. Fita da wuri, ka tafi a hankali. Mai tashi fitsari cikin dare, a ajiye masa fo a ɗaki. Babu abin kunya a ciki. Fita uku zuwa makewayi tsakar dare, daga ɗumi zuwa ɗari, hawa uku ne ga jininsa.

Na san abin da wasu dattawa za su ce. Za su ce alwala da ruwan sanyi ta fi lada. Ranku ya daɗe, ku tambayi limaminku. Ruwan ɗumi yana tsarkakewa, alwala da shi ta inganta, wanka da shi ya inganta. A littattafan fiƙihun da muka taso muna karantawa a zaure akwai babin taimama ga wanda ruwa zai cutar. Sahabi Amru ɗan Asi ya yi taimama a wani dare mai tsananin sanyi a yaƙin Zatus Salasil don tsoron halaka, kuma da labarin ya kai ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai hana shi ba. Mu wuta na nan, tukunya na nan. Malamai, don Allah ku faɗi wannan a masallatai, ku faɗa ranar Juma'a. Maganarku ta fi tawa shiga kunnen dattawa.

Wanka kuma a bar shi sai hantsi ya dubi ludayi, da ruwa mai ɗumi, a inda iska ba ta shiga. Kada a tafasa shi har ya ƙona fata. Ruwa mai tsananin zafi na buɗe jijiyoyi farat ɗaya, jiri ya ɗebi tsoho ya faɗi a makewayi.

Wani zai ce, ai ɗarinmu ba wani ɗari ba ne, mutanen Turai ma da ke cikin ƙanƙara suna nan da ransu. Wannan tunanin shi ya fi ba ni tsoro. A 1997 an kwatanta yankunan Turai, aka ga abin mamaki. Idan sanyi ya ƙaru, mutuwa ta fi hawa a birnin Atens na ƙasar Girka, inda sanyi ba shi da tsanani, a kan kudancin Finlan mai ƙanƙara. Dalili? Mutanen Finlan sun san abokin gabarsu. Suna sa hula, suna sa safar hannu, suna ɗumama ɗaki. Mutanen Atens sun raina nasu. A 2015 kuma an duba mace-mace miliyan 74 a ƙasashe 13. Kimanin kashi 7 cikin 100 sanyi ne ya taimaka wajen jawo su, zafi bai kai kashi 1 ba. Kuma mafi yawan ɓarnar matsakaicin sanyi ne ya yi ta, irin wanda ake cewa ba komai. Najeriya ba ta cikin ƙasashen da aka duba. Amma ka dubi kayanmu. Rigunanmu na zafi ne. Ɗakunan kwano da muka maye gurbin soraye da su suna gasa mu da rana, su saki ɗumin gaba ɗaya cikin dare. Tagogi ba sa rufuwa da kyau. Tsofaffi da yawa a kan tabarma suke kwana, a kan siminti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2018 kada ɗakin zama ya yi ƙasa da digiri 18 lokacin sanyi. Ɗakin Inna ya kai haka da ƙarfe huɗu na dare? Ka taɓa shiga ka ji?

Ku shiga yau. Ku toshe kafofin taga da tsumma. Ku ɗaga shimfiɗa daga ƙasa, ko a sa katifa, ko a ninka tabarma da buhu a ƙarƙashi. Idan akwai ɗakin ƙasa a gidan, a mayar da tsoho can. Bargo biyu marasa kauri sun fi ɗaya riƙe ɗumi.

Ku kuma masu fita nema tun duhu, ina magana da ku. Mai ban ruwan albasa da ke tsayawa cikin laka tun kafin rana ta fito. Masunci. Ɗan kabu-kabu da ke keta iska a kan titin Tambuwal zuwa Jega, ƙirji a buɗe. Ɗan kasuwa da ke zaune a kan kaya a bayan mota. Mai gadi. Makiyayi. Matar da ke wanke-wanke da wanki da ruwan da ya kwana a waje. Aikin ƙarfi a cikin ɗari nauyi biyu ne a kan zuciya lokaci ɗaya. Idan kana da hawan jini, jinkirta aikin ruwa har rana ta ɗaga. Awa ɗaya ba za ta kashe albasa ba. Idan ba makawa, sa takalmin roba, rufe kai da ƙirji, fara a hankali. Jiƙaƙƙiyar riga kuma a cire ta nan take. Ranar da hazo ya yi kauri har ba a hango bishiyar gaba, ka rage fita. Ƙurar nan da ke tasowa daga hamadar Bodele ta ƙasar Chadi ba a hanci take tsayawa ba. Mafi ƙanƙantarta na shiga can cikin huhu, ta ƙara wa zuciya wahala.

Yanzu ga inda muke cutar da kanmu da sunan maganin sanyi.

Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki. Kada ku yi. Kada ku kwana da shi. Gawayi na fitar da wata iskar guba wadda ba ta da wari, ba ta da launi. Tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar numfashi. Mai lafiya ma tana kashe shi cikin barci, balle mai raunin zuciya. A ɗumama ɗakin ƙofa a buɗe, a fitar da kaskon waje, sannan a kwanta. Wanda ya tashi da ciwon kai da jiri da tashin zuciya a ɗakin da aka kwana da wuta, a fito da shi iska, a nufi asibiti.

Sai kemis. Da ɗari gaɓoɓi na ciwo, baya na ciwo, mura ta toshe hanci. Sai a aiki yaro da naira ɗari biyu a ce a haɗo na ciwon jiki. Me ke cikin haɗin? Ka sani? Yawanci akwai ibufurofen ko diklofenak. Waɗannan suna sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa, suna ɗaga jini, suna rage ƙarfin maganin hawan jini, suna cin ƙoda. Magungunan mura masu buɗe hanci kuwa aikinsu shi ne tsuke jijiyoyi, wato abin da ɗari ya riga ya yi maka. Kada ka sha ƙwayar da ba ka san sunanta ba. Ka buɗe baki ka ce wa mai kemis, "Ina da hawan jini." Don ciwon jiki, farasitamol ya fi sauƙin haɗari. Don toshewar hanci, yi sirace da ruwan zafi. Ku kuma masu kemis, ku ji tsoron Allah, ku tambaya kafin ku ƙulla.

Sai tukunya. Da ɗari ake son miya mai zafi, da romo, da tsire mai yaji, da taliyar mai shayi. Duk gishiri ne. Dunƙule gishiri ne. Yajin tsire akwai gishiri da dunƙule a ciki. Kanwa ma, da muke sa wa kunu da wake da miyar kuka muna cewa tana korar sanyi, sinadarin da ke cikin gishiri mai ɗaga jini yana cikinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, ƙasa da cikin ƙaramin cokalin shayi ke nan, har da wanda ke ɓoye a dunƙule da burodi. Uwargida, wannan a hannunki yake. Rage dunƙule, ƙara daddawa da albasa da citta da tafarnuwa. Goro da taba da ake cewa suna ɗumama jiki, hawan jini suke ƙarawa. A sha ruwa mai ɗumi ko ba a jin ƙishirwa, sai fa wanda likita ya ƙayyade masa ruwa saboda zuciya ko ƙoda.

Mafi muni duka shi ne ajiye magani. "Na ji sauƙi." "Kaina ya daina ciwo." "Sai na sayar da gero." Hawan jini ba ya jira ka ji shi. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum ɗaya cikin manya uku a duniya na da shi, kuma kusan rabinsu ba su sani ba. Don me ba su sani ba? Don ba ya ciwo. Amlodifin ko duk wanda aka rubuta maka ba ya warkar da cutar, riƙe ta yake yi, kamar igiya a wuyan sa. Ka saki igiyar da hunturu, me kake jira ya faru? Duba kwalinka yanzu. Saura ƙwaya nawa? Idan bai kai na mako biyu ba, nemo wani tun bai ƙare ba. Ku 'ya'ya da ke Sakkwato da Abuja da Legas, kafin ku aiko da atamfa, ku aiko da kuɗin magani da bargo. Ku buga waya yau ku ce, "Baba, kirga mini ƙwayoyin da suka rage."

Ku je awo cikin makon nan. Babban Asibitin Tambuwal, ko ƙaramin asibitin garinku, ko kemis mai na'ura. Ku je da safe, kada ku bari sai rana ta yi zafi. Wanda ya haura shekara 40 kuma bai taɓa awo ba, shi ma ya je. Mai ciki ta je, ko ranar awonta ba ta zo ba, idan ƙafa da fuska sun kumbura ko kai na sara. Idan akwai na'ura a gida ko a unguwa, ga yadda ake yi. A yi fitsari tukuna. Kada a ci goro ko a sha taba ko shayi rabin awa kafin awo. A zauna minti 5 a jingine, ƙafa a ƙasa, ba surutu. A cire hannun rigar sanyi, a ɗaura a kan fata, dantse daidai da ƙirji. A auna sau biyu, da tazarar minti ɗaya. Da safe kafin shan magani, da kuma dare, kwana bakwai a jere, a rubuta a takarda. Idan lambobin na tsayawa a 140 bisa 90 ko sama, kai takardar ga likita. Mai yiwuwa ya ƙara maka magani na watannin ɗari. Shi zai ƙara. Kada ka ninka da kanka, kada ka sha na maƙwabci. Idan ka ga 180 bisa 120, huta minti 5 ka sake. Bai sauka ba? Asibiti, a ranar. Idan da ciwon ƙirji, ko ciwon kai mai tsanani, ko gani ya dushe, ko numfashi na sarƙewa, a tafi a lokacin.

Alamun suna nan a gidajenmu, muna kallo muna ba su wani suna. Ƙafafun Inna sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga, muka ce sanyi ne. Ba ta iya kwanciya sai ta tara matasai, tana tashi cikin dare tana haki da tari, muka ce ƙura ce. Wannan zuciya ce ke gazawa, ruwa na taruwa a huhu. Baba ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi kamar an ɗora masa turmi idan ya fita da asuba, ya tsaya ya huta sai ya lafa, muka ce gyambon ciki ne. Mutum na zufa ana tsananin ɗari, yana dafe ƙirji, muka ba shi kanwa. Kofin shayi ya suɓuce daga hannun kawu, bakinsa ya ɗan karkace, maganarsa ta harɗe, bayan minti goma ya dawo daidai, muka ce alhamdu lillahi, ya wuce. Bai wuce ba. Sallama ce babbar shanyewa ta yi, kuma kwanakin farko bayan wannan su ne mafi haɗari. A kai shi asibiti ranar, ko yana tafiya da ƙafarsa yana cewa ba komai.

Idan abin ya zo, ku gwada abu uku, ba sa cin minti ɗaya. Ce masa ya yi murmushi, ka ga ko ɓari ɗaya na baki ya zube. Ce masa ya ɗaga hannu biyu, ka ga ko ɗaya na sauka. Ce masa ya faɗi sunansa da na garinsu, ka ji ko harshe ya yi nauyi. Ɗaya kawai ya isa. Dubi agogo, riƙe lokacin da abin ya fara, likita zai tambaya. Nemo mota. Kada a ɗura masa ruwa, ko rubutu, ko fura, ko zuma. Mai shanyewar jiki sau da yawa ba ya iya haɗiya, abin zai bi ta huhu. Kada a ba shi asfirin, don ba a san ko toshewa ce ko fashewa ba sai an ɗauki hoton kai. Kada a tura masa ƙwayar hawan jini a ƙarƙashin harshe. A kwantar da shi a gefe, a lulluɓe shi, a tafi.

Na san me ake cewa a irin wannan lokaci. Iska ce ta buge shi. Ya taka wani abu a hanyar masallaci. A kira malam tukuna. A jira gari ya waye. A jira babban wa ya iso daga Sakkwato. Ku yi addu'a, ku yi ta yi, amma a cikin mota. Wani lissafi da aka fitar a Amurka a 2006 ya nuna idan babbar jijiyar ƙwaƙwalwa ta toshe, kusan ƙwayoyin ƙwaƙwalwa miliyan 2 ke mutuwa a kowane minti, kuma ba sa dawowa. Daga Tambuwal zuwa Sakkwato kusan kilomita 100 ne. Daga ƙauyukan Kebbe ya fi haka, ga halin hanya, ga fargabar tafiyar dare. Mu da muke nesa ba mu da ko minti ɗaya na zubarwa a zaure ana shawara. A fara da asibiti mafi kusa, su duba shi, su tura gaba idan da buƙata.

Don haka a gama shawarar tun yanzu, tun kowa na tsaye da ƙafarsa. Wa ke da mota a unguwarku? Kana da lambarsa? Zai ɗauka da ƙarfe biyar na asuba? Akwai kuɗin mai a ajiye? Idan maigida ne ya faɗi, uwargida na da izinin fita da shi ba tare da jiran kowa ba? Maigida, ba ta wannan izinin yau, da bakinka, a gaban yara. Masu unguwanni da dagatai, ku sa a yi shela. Matasa, ku haɗa kuɗi ku sayi na'urar awo guda ɗaya, ku ajiye ta wurin wanda ya iya, ku bi tsofaffin unguwa gida-gida da safe.

Kafin ka kwanta daren nan, leƙa ɗakin Baba. Taɓa ƙafarsa ka ji ko da sanyi. Fitar da kaskon nan waje. Cika filas da ruwan zafi, ajiye shi kusa da buta a cikin ɗaki. Rataye masa hula da rigar sanyi inda hannunsa zai kai. Buɗe kwalin maganin ka kirga. Sa waya ta tashe ka kafin ladan.